Ina son kai yarana bakin tekun da Baba yake kai mu, maigida ya ce ɓarnar kuɗi ce

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar sakandare ce a nan Zariya, ina da aure da yara uku, babbar shekararta 15, autan kuma 7. A Legas aka haife ni. Mahaifinmu ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, mun zauna a rukunin gidajen 1004 har lokacin da aka mayar da ofishinsu Abuja, sai ya dawo da mu gida Zariya ina aji huɗu na firamare. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wancan zaman shi ne yadda yake kai mu bakin tekun Bar Beach da yammacin Lahadi. Ya naɗe ƙafar wando, ya riƙe hannuna da na yayana, mu tsaya ruwa ya zo ya kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu muna ihu. Ya sa a fasa mana kwakwa, wani lokaci a ɗora mu a doki.

Baba ya rasu bara. Tun daga nan wurin nan yake ta dawo mini, har a mafarki. Na kwashi adashi naira miliyan 1.5, ina so in kai yarana da Hajiyarmu Legas a hutun Disamba, su ga gidan da na tashi, su ga teku. Maigida ya ce ɓarnar kuɗi ce: gininmu ya kai linta babu rufi, har yanzu haya muke biya, kuma bakin teku wurin tsiraici ne. Ya ce in tafiya nake so, a tara a je Umara. Babbar 'yata ta ce ita Legas ba waje ba ce, ƙawayenta Dubai da Masar ake kai su. Hajiya ta ce ba za ta je ba, in na ɗauko zancen sai ta kawo wani. Yayana kuma ya ce na ƙara wa labarin gishiri, wai ba kowace Lahadi muke zuwa ba, 'yan lokuta ne kawai, har akwai ranar da ruwa ya kusa tafiya da shi, Hajiya ta yi kwanaki ba ta yi wa Baba magana ba. Ni ban tuna wannan ba, kuma maganar ta ɓata mini rai. Anti, son zuciya ne yake ja na? In haƙura ko in nace?

Maman yara uku, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta, Ya ba ku haƙurin rashinsa. Ba son zuciya ba ne. Mutumin da ya binne mahaifi bara, zuciyarsa takan koma inda ta fi jin daɗin zama da shi, kuma taki ta zaɓi wurin da ya riƙe miki hannu. Babu laifi a cikin wannan ko kaɗan.

Amma akwai maganar da ya kamata ki ji daga bakina tun kina Zariya, kada ki je ki tarar da ita da yara a bayanki: Bar Beach ɗin da kika sani babu shi yanzu. Ba lalacewa ya yi ba, ba kuma rufe shi aka yi da za a ce wata rana a buɗe. An cike wurin ne. Tun zamanin Turawa, tsakanin 1908 da 1912, aka gina dogayen katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas don manyan jirage su samu hanya. Katangun suka tare yashin da ruwa yake turowa daga yamma, sai teku ta koma cin gaɓar da ke gabas da su, wato Bar Beach. Ko lokacin da Baba yake kai ku, gaɓar tana zaizayewa ne a hankali. Daga baya abin ya kai ruwa yana haurowa kan titin Ahmadu Bello yana shiga gine-gine. Wajen 2008 aka fara zuƙo yashi daga cikin teku ana cike wurin, aka yi katangar duwatsu mai tsawon kilomitoci, aka kafa sabuwar unguwar da ake kira Eko Atlantic. Yau in kika tsaya inda kuke tsayawa, shinge za ki gani da tituna da dogayen benaye, ruwan ya yi nisa can gaba. Gidajen 1004 suna nan, sai dai gwamnati ta sayar da su, masu kuɗi ne a ciki, akwai masu gadi a ƙofa, kuma ba a shiga sai da wanda ya san ka.

Na faɗa miki wannan dalla-dalla ne saboda ina jin tsoron ranar da za ki sauka a mota a Victoria Island, unguwar da bakin tekun yake a da, da yara uku suna kallon fuskarki, kina neman abin da za ki nuna musu, ki rasa. Wannan zai zama kamar an sake yi miki rasuwa, kuma a tsakiyar titi, cikin rana da hayaniyar motoci. In kin je da sanin cewa wurin ya tafi, za ki iya tsayawa ki nuna da hannu ki ce nan ne, da can duk ruwa ne da yashi, ki yi wa Baba addu'a, ku wuce. Wannan ziyarar minti ashirin ce. Kada ki gina tafiyar gaba ɗaya a kanta.

Yanzu maganar yayanki. Na san ta yi miki zafi, don kamar ya sa hannu ya rage miki wani abu ne daga gadon da Baba ya bar miki. Sai dai ina ganin ku biyun duk gaskiya kuke faɗa. Ke kina ƙarama, hannunki yana cikin na Baba, abin da ya zauna miki shi ne daɗin. Shi ya girme ki, ya sha ruwan gishiri ya tsorata, abin da ya zauna masa ke nan. Yaro kuma ba ya ƙirga Lahadi. In an kai shi wuri sau kaɗan ya ji daɗi ƙwarai, sai ya girma yana ganin kullum ake zuwa. A ce ma yaya ne mai gaskiya kan yawan zuwan, ai wannan ya kamata ya kwantar miki da hankali: ashe 'yan fita kaɗan da uba ya yi da 'yarsa sun isa su riƙe ta shekara talatin da wani abu. Ke ma ba sai kin zubar da duk abin da kika tara ba kafin yaranki su samu abin tunawa.

Kuma yaya ya ba ki mabuɗin Hajiya ba tare da ya sani ba. Ki duba ta inda take kallon abin. Ita a ranar nan tana tsaye a gefe da zani da mayafi, baƙuwa a garin da ba nata ba, tana ganin ruwa yana jan ɗanta. Wurin da ya zame miki filin wasa, ita wurin da ta kusa rasa ɗa ne. Ga shi kuma mijin da suka yi wannan zama tare bai daɗe da rasuwa ba. Wata tana samun sauƙi da komawa inda aka yi rayuwa, wata kuma ba ta iya ko kallon hoto sai an shekara biyu. Ki cire Hajiya daga lissafin tafiyar, ki gaya mata da bakinki cewa kin cire, don ta daina ɗar-ɗar duk lokacin da kika shigo.

Abin da nake so ki nema a wurinta ya fi rakiya. Duk abin da kike son zuwa Legas ki nemo, rabinsa yana cikin kan Hajiya, a nan Zariya, kuma ita kaɗai ta rage da ta san shi. Ki je mata da yamma ba tare da yara ba. Kada ki fara da teku. Ki tambaye ta yadda aka kai ta Legas tana amarya, ko a jirgin ƙasa ne daga tashar Sabon Gari, ta Minna da gadar Jebba da Ilorin da Ibadan har Iddo. Ki tambaye ta inda take sayo dawa da kuka da daddawa a garin da ba a san tuwo ba, su wa take zumunci da su a Obalende ko Agege, wace ce maƙwabciyarta, yaya ta koyi ciniki da Yarabanci. Tsofaffi ba su cika son a tambaye su yadda suka ji ba, amma in kika tambayi farashin manja a wancan lokacin, sai ki ga labari ya ɓalle har Baba ya shigo ciki da kansa. In ta yarda, ki ajiye waya ta naɗi muryarta. In akwai tsofaffin hotuna a akwati ko ƙarƙashin katifa, ki ɗauke su da waya, ki tura wa yaya nasa. Wataƙila ma ku ci sa'a a samu na bakin tekun, don masu hoto ba sa rabuwa da wurin a lokacin.

Sai maigida, kuma a nan zan daɗe, don a nan maganar take. Ban ga mugunta a abin da ya faɗa ba. Mutumin da yake biyan haya duk shekara, ga gini tsaye a linta damina tana dukan bulo, farashin kwano da katako kuma ba ya sauka, dole in ya ji an ce miliyan ɗaya da rabi ya ga rufi a idonsa. Gaskiya ne kuɗin naki ne, kuma malamai sun yi bayani cewa dukiyar mace tata ce, gina gida kuma ba wajibinki ba ne. Amma ba na so ki shiga maganar ta wannan ƙofar. Za ki iya cin gardamar, ki rasa tafiyar, don ko da kuɗinki ba za ki kwashi 'ya'yansa ki tsallaka Kwara ba sai da yardarsa, kuma tafiyar da aka yi da fushi a gida ba ta da daɗi ko ina aka je.

Tambayata gare ki ita ce, me kika gaya masa? Ina zargin cewa kin ce kina so yara su sha iska su ga teku. In haka ne, abin da ya ji shi ne yawon buɗe ido, ya auna shi da rufin gida, yawon ya faɗi. Bai san kina mafarkin wurin ba. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki gaya masa abin da kika gaya mini, har naɗe ƙafar wandon. Ki ce masa rasuwar nan ba ta sake ki ba, kuma kina ganin wannan tafiyar za ta rage miki nauyi. Sannan ki kula da wani abu da mata ba mu cika lura da shi ba: in mace ta yawaita cewa Babanmu yana yi mana kaza, miji yakan ji kamar ana auna shi ne da marigayi ana cewa ya gaza. Don haka ki nuna masa ba raka ku kike so ya yi ba, shi kike so ya riƙe hannun autan a bakin ruwan, don yaron ya tashi da irin abin da kika tashi da shi, kuma da fuskar ubansa a ciki.

Maganar tsiraici kuma kada ki yi musu, don yana da gaskiya. Wuraren da suka yi suna irin Elegushi, a ƙarshen mako da yamma, kiɗa ne da shaye-shaye da shigar da ba za ki so 'yar shekara 15 ta zauna a cikinta ba. Disamba kuwa ta fi kowane lokaci, ga cunkoso, ga tsadar masauki da tikiti saboda masu dawowa hutu daga Turai da Amurka. Amma teku ba ta da ranar hutu. Ranar Talata ko Laraba da hantsi, wuraren nan kusan fayau suke, daga masunta sai masu shara. Ki kawo masa wannan a matsayin shawararki, ki ce a bar Disamba, a je farkon Janairu kafin a koma makaranta, ko hutun zango na biyu. Dogon hutu kuma ki bar shi, don lokacin damina ne, ruwa yana hauka. A watan Agusta na 2012 ne igiyar ruwa ta afka wa Kuramo, dab da Bar Beach, ta tafi da mutane.

Kan kuɗi, ga yadda nake gani. Ki raba shi da kanki tun kafin a tambaye ki. Kaso mafi tsoka ki sa a rufin, kyauta ko rance, wanda kika zaɓa, amma ki faɗa a fili wanne ne don kada ya zama abin gori nan gaba. Sauran ki ce na tafiya ne, kwana huɗu ko biyar, kuma ba za a taɓa shi ba. Abin da yake cinye kuɗin irin wannan tafiya shi ne sufuri da masauki. Da wuya a ce Bazazzagi ba shi da ɗan'uwa ko aminin uba a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, to a yi sallama da su da wuri, a tafi musu da tsaraba, an rage rabin nauyi. Jirgin sama daga Kano ko Kaduna na mutum biyar zai iya lashe kason gaba ɗaya, sai ku tambayi farashi tun da sauran watanni. In mota ce, yini guda ne cur ko fiye, kuma ina roƙonku kada ku yi tafiyar dare da yara. Akwai jirgin ƙasa daga Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja, akwai kuma daga Moniya a Ibadan zuwa Ebute Metta a Legas. In kuka haɗa ko ɗaya a cikin tafiyar, ina tabbatar miki autan zai fi ba da labarinsa a kan na tekun. In lissafin bai fita ba bana, a ɗaga zuwa wani ɗaukar adashin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wurin da zan ba ku shawara shi ne Tarkwa Bay. Katangun nan da suka cinye Bar Beach su ne suka kare shi, shi ya sa ruwansa ya fi kwanciya. Da ƙaramin jirgin ruwa ake zuwa daga cikin gari, tafiya gajeriya, kuma kada kowa ya shiga sai an ba shi rigar da ke hana nutsewa, ko da matuƙin ya ce ba komai. A sauran gaɓar Legas, ruwan yana da ja ta ƙasa wanda ba a gani daga sama, ya kan kwashe ƙafar babban mutum ma. Yaran da suka tashi a Zariya, iyakar ruwan da suka sani Kubanni ne da Galma, kada ruwa ya wuce musu idon sawu, kada su juya wa teku baya, kuma kowane yaro a san babban da yake riƙe da shi. Ke da babbar 'yar ku tuna dogon hijabi da zani in sun sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. Ku tsaya daga baki-baki.

Ku ba maigida nasa rabon a tafiyar. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan akwai motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, da ramukan harsasai a jikinta. Ban san magidancin Arewa da zai tsaya gaban motar nan ya ce an ɓata masa lokaci ba. Babban masallacin Legas ma yana nan cikin tsibirin, sai ku yi Azahar a can.

Ita kuma 'yar budurwa, kada ki yi mata faɗa, shekarun ne. A makaranta ana baje hotunan Dubai, ita ba ta da abin nunawa, wannan ciwo ne na gaske a wurin yarinya. Maimakon wa'azi, ki ba ta biro da takarda ta yi lissafin da kanta. Tun Satumbar 2025 fasfo mai shafi 32 naira 100,000 ne, na mutum biyar ya kama 500,000, kashi ɗaya cikin uku na adashin ke nan, ba a yi maganar biza ba, ba a sayi tikiti ba, ba a canji dala ba, kuma kowa ya san inda naira ta faɗa tun 2023. Yarinyar da ta kai aji huɗu na sakandare za ta gane. Daga nan ki ɗora mata aikin tafiyar: ita ce mai duba taswira, mai ɗaukar hoto, mai rubuta abin da aka kashe. In ƙetare iyaka ne burinta, ki gaya mata ɗan Najeriya yana shiga ƙasashen ECOWAS ba biza har kwana 90, Kwatano da Lome da Accra duk a bakin teku suke, takardar tafiya ce kawai da katin rigakafin cutar shawara. Wannan sai wani karon, in ta gama jarrabawar fita, ya zama tukuici. Kada ki yi mata alkawarin da ba ki da tabbacin cikawa.

Umarar da maigida ya ambata ma kada ki ɗauke ta a matsayin kishiyar tafiyarki. Miliyan ɗaya da rabi da wuya ya kai mutum ɗaya ya dawo a farashin yanzu, balle biyu, don haka dama ba ta bana ba ce. Ki karɓi maganar hannu biyu, ku buɗe mata asusu daban. Ranar da Allah Ya nufa, Jidda tana bakin Bahar Maliya, tsakaninta da Makka bai fi kilomita 80 ba, sai ki yi wa Baba addu'a a Harami, ki kuma ga teku a hanyar dawowa.

In kin yi duk wannan ya ce a'a, kada ki mayar da shi rigima, kada kuma ki miƙa kuɗin duka cikin fushi. Ki tambaye shi a'ar ta bana ce ko ta har abada. In ta bana ce, ku sa wata, ki ajiye kason tafiyar a asusun da ba shi da kati. In ya kafe, ki sa yaya ya yi masa magana namiji da namiji, in ya so shi yayan ya zama muharraminki ku je ku biyu, kwana biyu, yara su zauna da ubansu. Kafin nan, cikin makon nan, ki fara da zuwa wurin Hajiya, don wannan ba ya buƙatar izinin kowa ko ko sisin adashinki.